Daga Kasko zuwa Kwalba: Yadda Ƙamshin Fure da na ’Ya’yan Itace ya Shigo Turaren Matan Hausa

Duk wanda ya shiga ɗakin amarya a ƙasar Hausa, a birnin Kano ne ko a Kuyello, abin da ke fara tarbarsa shi ne ƙamshi mai hawa biyu. Daga sama akwai wani mai sanyi da zaƙi, irin na fure da na nunannen ɗan itace. Daga ƙasa kuwa akwai wani mai nauyi, na hayaƙi da itace da ƙaro, wanda ya riga ya kama labule da shimfiɗa. Hancinmu ya saba da haɗuwarsu, har mun daina tambayar inda kowannensu ya fito. Manufar wannan maƙala ita ce ta raba su, ta bi sawun na saman, ta nuna cewa baƙo ne wanda bai daɗe da sauka ba, sa'an nan ta nuna irin masaukin da matan Hausa suka ba shi. Na zaɓi in tsaya a Kuyello, da ke gabashin ƙasar Birnin Gwari, domin gari ne na bakin daji. Yana kusa da inda ake samo kayan ƙamshin gargajiya, yana kuma can ƙarshen hanyar da kwalba ke biyowa daga Kano.

Shaidar harshe

Kalmar turare da kanta ita ce shaida ta farko. ’Yar’uwar turara ce, watau a sa abu a kan hayaƙi ya kama shi, kuma ba ta yi nisa da tururi ba. Ashe ke nan a wurin Bahaushen dauri, sa ƙamshi da kunna wuta aiki ɗaya ne. Sai da na kwalba ya zo ya karɓe sunan aka koma ana cewa turaren wuta, don a bambanta mai gida da baƙonsa. Irin wannan ya faru a Turai ma, domin kalmar parfum ta Faransanci daga Latin ta fito, kuma asalin ma'anarta ita ce ta hanyar hayaƙi.

In muka jera sunayen kayan ƙamshi za mu ga sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda sunansu na gida ne: kajiji, jema, hano, maje, dashi, ɗoɗɗoya. Akwai kuma waɗanda suka shigo da sunan Larabci a goshinsu: miski, ambar, lubban, sandal, kafur, kanumfari, za'afaran, jawul, wardi. Jawul ya samo asali ne daga lubban jawi, watau lubban na ƙasar Jawa, can gabas mai nisa, abin da ke nuna tsawon tafiyar da ƙullin ƙaro ɗaya kan yi kafin ya faɗa kaskon wata mata a Zazzau. A rukunin farko babu fure ko ɗaya. Saiwa ce, da ƙaro, da ɓawo, da ganye. A rukuni na biyu ma, in aka ɗebe kanumfari da za'afaran, waɗanda busassun sassan fure ne amma kayan yaji muka ɗauke su, wardi kaɗai ne ya shigo da sunan fure.

Ba wai Bahaushe ba ya jin ƙamshin fure ba ne. Wanda ya taɓa wucewa ta gonar lalle lokacin da ta yi fure, ko ya zauna gindin lemo da daddare, ya san ƙasarmu ba ta rasa furanni masu ƙamshi ba. Sai dai a tunanin manomi fure alkawarin ’ya’ya ne. Ana duban furen kaɗanya don a ƙiyasta yawan kaɗe, ana duban tuntun ɗorawa don a san ko za a sami kalwa, ana shanya furen gurjiya don miya. Furen da aka shuka don ado kawai sai da muka aro masa suna, muka ce fulawa, har sunan ya yi karo da na garin alkama.

Abin da daji ya bayar

Dajin ƙasar Birnin Gwari daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa da taura, da duwatsu jefi-jefi, da fadamu a bakin rafuka. Wani yanki nasa ne aka keɓe a 1936, wanda ya zama gandun daji na ƙasa mai suna Kamuku a 1999. Irin wannan daji shi ne kantin turaren matan karkara tun fil azal. A jikin maje ake samun ƙaro mai kama wuta da sauri, mai hayaƙi mai daɗi. A kan tudun duwatsu hano ke fitowa, itacen da masana tsirrai suka raɗa wa suna Boswellia dalzielii don tunawa da J. M. Dalziel, likitan nan da ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa ya buga su a 1916. Hano ɗan gida ɗaya ne da itacen da ke ba da lubban a kudancin Larabawa da Somaliya, kuma ana ƙona ƙaronsa don turara ɗaki da tufafi. A fadama kuwa ake haƙo kajiji da saiwar jema, a wanke, a shanya, a daka. Daga cikin dabbobi akwai jibda, wadda a da akan tsare ta ana kwasar maiƙon da take fitarwa, abu mai wari in ya yi yawa, mai daɗi in an ɗiga kaɗan.

Dukkan waɗannan halinsu ɗaya: ba sa gaggawa. Ƙamshinsu a ɗaure yake cikin itace ko ƙaro, sai wuta ko zafin jiki ya kwance shi, kuma in ya kama zane sai ya kwana biyu bai sake shi ba. Suna jure ajiya, suna jure zafin bazara, suna jure tafiya a bayan jaki.

Fure da ɗan itace kuwa akasin haka suke, kuma a nan ne dalilin rashinsu cikin turaren gargajiya yake. Man da ke cikin fure ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Kafin a sami kilo 1 na man wardi sai an tara furen da ya kai kilo 3,000 zuwa 5,000, an tsinke shi da asuba kafin rana ta taɓa shi, an dafa shi a tukunyar tagulla mai bututu, an tare tururin ya huce ya koma ruwa, sa'an nan a yaɗe man da ya taso. Wannan sana'a Larabawa da Farisawa sun gwanance da ita tun da daɗewa. Alkindi ya rubuta littafi sukutum a kanta a Bagadaza a ƙarni na 9, mai ɗauke da haɗe-haɗe fiye da 100. Amma ba ta shiga jerin sana'o'inmu ba kamar yadda rini da jima da ƙira da dukanci suka shiga. Tana bukatar gonakin fure masu faɗi, da ruwa mai yawa, da sanyi a lokacin da ya dace. Batun ’ya’yan itace ya fi haka wuya. Ban da dangin lemo, waɗanda ake matse mai daga ɓawonsu, yawancin ’ya’yan itace ba sa ba da man ƙamshi. Ka dafa mangwaro ko gwandar daji ko taura yadda ka ga dama, ƙamshin zai bi iska, ya bar ka da ruwan zaƙi. Don haka sa ƙamshin nunannen ɗan itace a kwalba abu ne mai wuya ƙwarai kafin zamanin ilmin haɗa sinadarai.

Wardi, turaren sarakuna

Furen da ya fara isowa ta Sahara ya biyo, a hannun fataken Gadamas da Tarabulus. Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya yi lissafin kayan da ke shigowa birnin a shekara. Ya ƙiyasta kuɗin lubban da jawul da kanumfari da makamantansu a kan wuri miliyan 15. Man wardi shi kaɗai ya ƙiyasta shi a kan wuri miliyan 40. Ya kuma lura da cewa kaɗan ne daga cikinsa ke fitowa kasuwa, domin yawancinsa a ɓoye ake sayar wa sarakuna da manyan gari, ko a kai musu shi gaisuwa.

Abubuwa biyu ne suka fito daga wannan lissafi. Na ɗaya, ƙamshin fure ya fi duk sauran kayan ƙamshi tsada, kusan ninki uku. Na biyu, kayan fada ne, kuma ba a ware shi a matsayin na mata ba. Rawani da alkyabba sun fi zane shan sa. Macen da ke zaune a bakin daji irin Kuyello a wancan zamani, in ta ji shi, sai dai a jikin wani babban baƙo. Rabon da muke yi a yau, mu ce fure na mata, itace na maza, ba shi da tushe a wannan tarihi. Daga Turai ya zo tare da kwalabensa.

Abin da ya faru a ɗakunan gwaji

Kafin mu komo gida dole mu leƙa Turai, domin a can aka karya farashin fure. A 1868 William Perkin ya haɗa sinadarin kumarin a Ingila, mai ƙamshin busasshiyar ciyawa. A 1874 Tiemann da Haarmann suka haɗa banilin a Jamus. A 1888 Albert Baur ya yi tuntuɓe da miskin haɗi yana cikin binciken abubuwan fashewa. A 1893 aka sami ayonon, mai ba da ƙamshin wani ɗan fure shuɗi da a da sai masu hali. Kafin yaƙin duniya na farko an kai ga sinadaran da ke kwaikwayon furannin da ba sa ba da mai sam, waɗanda masu sana'ar ke kira bebayen furanni. A 1908 aka fitar da wani sinadari mai ƙamshin ɗan itacen da Larabawa ke kira khukh, mai laushin fata da zaƙi kamar na mangwaro, kuma da shi Jacques Guerlain ya ƙawata turarensa Mitsouko a 1919. Daga nan ne zuriyar turaren mata mai haɗa fure da ɗan itace ta soma yaɗuwa.

Masu wannan sana'a sukan gina turare hawa uku. Hawa na farko shi ne abin da hanci ke fara ji, mai saurin tashi, kuma a nan lemo da yawancin ’ya’yan itace suke. Cikin ’yan mintoci sun wuce. Hawa na biyu shi ne jikin turaren, mazaunin furanni, mai ɗaukar ’yan sa'o'i. Hawa na uku shi ne gindi, watau miski da sandal da ƙaro, masu riƙe na sama don kada su tsere da wuri. Mai karatu zai lura cewa turaren gargajiyarmu gindi ne zalla. Abin da Turai ta sayar mana shi ne hawa biyun sama.

Binta Sudan

Turaren da ya kai ƙamshin fure ɗakin talaka a ƙasar Hausa shi ne Bint El Sudan, wanda bakin Bahaushe ya mayar Binta Sudan, kamar wata ’yar maƙwabta. Kamfanin W. J. Bush na Landan ne ya fitar da shi a 1920. Labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne, wakilinsa mai yawon talla, Eric Burgess, yana Khartum sai wasu shugabannin ƙabilu suka zo masa da ’yan kwalabe na kayan ƙamshin da suke so, suka nemi a haɗa musu su a turare guda. Ya kai Landan, aka yi ’yan watanni ana gwaji, aka fito da wani mai kauri mai kama jiki. Hoton budurwar da ke jikin kwalbar, da jan abin ɗaurawa a ƙugu, an ce shi Burgess ɗin ne ya ɗauke shi.

Labarin yana da daɗin ji, amma ya kamata ɗalibin tarihi ya auna shi. Ƙamshin da ake siffanta Binta Sudan da shi shi ne na yasmin, da lilak, da wani ɗan farin fure da Faransawa ke kira muguet, bisa gindin miski da ambar. To, lilak da muguet furannin ƙasashen sanyi ne, kuma dukkansu suna cikin bebayen furannin nan da ba a tatsar mai daga gare su. Duk inda aka ji ƙamshinsu a kwalba a 1920, daga ɗakin gwaji ya fito. Saboda haka, ko dai abin da shugabannin suka kawo ya riga ya ƙunshi turaren Turai da ke yawo a kasuwar Umdurman, ko kuwa ma'aikatan Landan ne suka ƙara nasu. Ko wanne ne, ’yar Sudan ɗin nan ruwa biyu ce. Abin da Sudan ta bayar shi ne sharaɗi: a yi shi da mai, kada a sa masa sinadarin barasa, ya yi nauyi, ya daɗe. Wannan sharaɗi shi ne sirrin karɓuwarsa. Musulmi zai shafa ya yi salla ba tare da waswasi ba, kuma zafin rana ba ya kwashe shi nan da nan kamar yadda yake yi wa turaren da aka narka a barasa. ’Yan jarida sukan kira shi Chanel No. 5 na Afirka, alhali ya girme wancan da shekara guda, tun da a 1921 aka fitar da na Faris.

Hanyar da ya biyo zuwa ƙasar Hausa tsohuwar hanyar alhazai ce: daga Kano zuwa Barno, zuwa Wadai, zuwa Darfur, zuwa El Obeid, zuwa bakin Nilu, sa'an nan Bahar Maliya. Mutanenmu sun cika wannan hanya a daidai lokacin. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun bi ɗansa Mai Wurno har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Da aka buɗe aikin noman auduga na Jazira a 1925, dubban masu niyyar hajji suka riƙa tsayawa suna ƙwadago shekara da shekaru kafin su ƙarasa. Mai dawowa gida yana bukatar tsaraba marar nauyi, mai daraja, wadda ba ta lalacewa, wadda kuma za a iya rabawa gida-gida. ’Yar kwalba mai cin mililita 12 ta cika waɗannan duka. Ta zo tare da zamzam da dabino da tasbaha, ta ɗebi wani abu daga albarkarsu, kuma a ganina wannan ne ya sa ta sami shiga wuraren da turaren kanti bai taɓa shiga ba: lefe, da wankan jego, da likkafani, har da kayan ’yan bori da na masu magani.

Kasuwar ta yi ƙarfi a nan har aka soma yin sa a Kano a 1952. Kamfanin Bush ya haɗe da wasu biyu a 1966 ya zama Bush Boake Allen, sa'an nan kamfanin IFF na Amurka ya saye shi a 2000. A shekarun 2010 kamfanin Gongoni ne ke ɗura shi a Kano da izininsu, lokacin da rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009, ya toshe hanyar Maiduguri da Chadi, watau ita dai hanyar da turaren ya biyo ya zo.

Daga Kano zuwa bakin daji kuwa aikin ’yan koli ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Funtuwa ta zama cibiyar auduga, kuma gabashin Birnin Gwari can yake fuskanta wajen ciniki. In kaka ta yi, aka sayar da auduga, kuɗi suka shiga hannu, bukukuwan aure suka kankama, sai ga ɗan koli da faifansa na madubi da allura da kwalli da tsakiya, da ’yan kwalabe a jere. A wurinsa ƙauye ya san Binta Sudan, da ɗan goma, da ɗan Duwala. A ƙarni ɗaya abin da Barth ya ga ana kai wa sarakuna a ɓoye ya zama abin da ake saye da kuɗin ƙuli-ƙuli.

Humra, da aikin da mata suka yi

Da labarin ya tsaya a nan, da sai mu ce kamfani ya sayar, mata sun saya. Amma matan ba su ɗauki abin da ke cikin kwalba a matsayin gamammen turare ba. Sun ɗauke shi a matsayin kayan haɗi, kamar yadda ake ɗaukar daddawa ko kanwa.

Na ga wannan da idona ina yaro, a ɗakin wata goggona da ta yi zaman aure a Kuyello. Tana da kwalba guda da take ɓoyewa a ƙasan kwalla, kuma ban taɓa ganin ta shafa ta kai tsaye ba. Sai ta daka kajiji da ɗan kanumfari, ta narka sukari a kasko har ya yi danƙo, ta juye garin da ’yan guntayen itace a ciki, ta sauke, ya sha iska, sa'an nan ta ɗiga turaren tana ƙirgawa. Ta rufe a gwangwani, ba ta buɗewa sai bayan mako biyu ko fiye. Dalilinta shi ne turaren kwalba ba shi da zama, in ba a ɗaure shi da itace ba kafin hantsi ya gudu. Ba ta san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma hukuncin da ta yanke shi ne wanda masu haɗa turare a Faransa ke koyarwa game da hawa na uku.

Inda wannan hikima ta kai maƙura shi ne humra. Sunan da sana'ar daga Sudan suke, suka biyo ta Chadi da Barno, a hannun matan Larabawan Shuwa da na Barebari, kuma har yanzu su ake sallama wa a wannan fage. Kalmar daga tushen Larabci take mai ma'anar rufewa da tsimuwa, tushen da ya ba da sunan giya da na mayafi. Jigonta farce ne, watau murfin bakin wani dodon koɗi na teku, wanda kamanninsa da farcen mutum suka jawo masa sunan, a Larabci da Hausa duka. Ɗanyensa ƙarni gare shi. Sai an jiƙa shi, an kankare, an wanke, an soya har ya yi ƙaushi, sa'an nan a daka. A haɗa da garin sandal da mahalab da kanumfari da miski, wasu su ƙara busasshen ɓawon lemo, a kwaɓa, a turara kwaɓin a kan hayaƙin itace mai ƙamshi har ya sha. Bayan wannan ne ake zuba turarukan kwalba, iri uku ko biyar ko fiye, gwargwadon hali da gwaninta, a toshe, a ajiye makonni ta tsumu. Akwai baƙar humra mai nauyin farce da hayaƙi, akwai fara wadda miski ya rinjaya.

Cikin turarukan da aka daɗe ana zubawa akwai Binta Sudan, da na kamfanin L. T. Piver na Faris, irin su Rêve d'Or na 1889 da Pompeïa na 1907, waɗanda yayinsu ya wuce a ƙasarsu tun tuni amma suka sami gidan zama a Afirka. Wani abin lura a nan shi ne, wasu daga cikin waɗannan na Faransa da barasa aka narka su, kuma hakan bai hana su shiga humra ba; sharaɗin da aka gindaya wa Burgess bai bi kowace kwalba ba.

Me farce da sandal ke yi wa fure? Suna rage masa gudu, suna dusashe kaifinsa, suna sauko da shi daga iska zuwa fata. Turaren fesawa yana riga mai shi shiga ɗaki. Humra kuwa sai an matso ake jin ta, kuma tana ƙara tashi ne in jiki ya ɗumama. Wannan ya dace da matsayin turaren mace a al'adarmu da koyarwar malamai, watau abin cikin ɗaki ne, na tsakanin mata da miji. Shi ya sa ake tsuma amarya da shi kafin a kai ta, shi ya sa kuma mai takaba ke ajiye shi har wata 4 da kwana 10. Daɗin daɗawa, humrar kowace mace daban take. Kamfani yana alfahari da cewa kwalbarsa ta bana daidai take da ta bara, ita kuwa mai humra abin kunya ne a ji irin nata a jikin kishiya. Awon da take yi sirri ne, daga uwa sai ’ya, ba a rubuce ba. A nan ne nake ganin ya kamata masu nazarin al'ada su gyara lissafi: in ana maganar wanda ya ƙirƙiro ƙamshin da ake ji a ɗakin matar Bahaushe, sunan Burgess da na Piver suna cikin masu kawo kaya ne, mai haɗawa tana zaune a gaban kasko.

Rinjayen zaƙi

Ƙamshin ’ya’yan itace ya makara bai yi ƙarfi a nan ba. Wajen 1970 masu bincike a Suwizalan suka gano wasu sinadarai cikin man wardin Bulgeriya waɗanda, ko da yake ’yan kaɗan ne, su ke ba wardi wani gefe na ƙamshin dafaffen ɗan itace. Da aka iya haɗa su, sai turaren mata ya yi ta karkata wajen zaƙi. Trésor na 1990 da J'adore na 1999 suna cikin waɗanda suka kafa wannan yayi a duniya. Ya iso mana ta hanyar ’yan kasuwar da ke zuwa Dubai da masu dawowa daga Umra, sau da yawa a siffar madarar turare da ake aunawa a ƙananan kwalabe, mai kwaikwayon manyan sunaye da araha. ’Yan matan yanzu da yawa sun ɗauki Binta Sudan turaren tsofaffi ne, ko na gawa, ko na masu magani. Shigarta ko'ina ita ta jawo mata wannan.

Harshe bai gama cim ma wannan sauyi ba. Mai sayarwa ba shi da sunan Hausa ga yawancin ’ya’yan itacen da aka kwaikwaya, don ba sa fitowa a ƙasarmu, sai ya ce mai zaƙi, ko mai sanyi, ko mai sanyin daɗi, ya aro kalmomin harshe da na fata ya ba hanci. Budurwa a Kuyello tana iya ƙamshin ɗan itacen da ba ta taɓa gani ba, alhali gwandar daji da taura da furen lalle, waɗanda ta tashi a cikinsu, ba a jin sunansu a teburin mai turare.

A yau dabarar da za ta kama su tana nan. Tun daga shekarun 1970 da 1980 masana a kamfanonin Givaudan da IFF suka fito da hanyar kifa ƙoƙon gilashi a kan fure ko ɗan itace yana bisa reshensa, a zuƙe iskar da ke kewaye da shi, a tantance sinadaran da ke ciki, a sake haɗa su a ɗakin gwaji. Bebayen furanni sun sami baki ta wannan hanya. Sai dai aikin yana bukatar mutum ya je gindin itacen a lokacinsa, taura da rani, gwandar daji da damina, ya yini a wurin. Tun daga tsakiyar shekarun 2010 dajin Birnin Gwari ya zama mafakar ’yan bindiga, ƙauyuka da dama na gabashin ƙasar suka watse, mutanensu suka nufi Funtuwa da Zariya da Kaduna. An yi sulhu a ƙarshen 2024 har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Amma shekaru goma sun isa yarinya ta girma a gidan haya a birni, ta yi aure, ba ta taɓa bin uwarta fadama haƙar kajiji ba, ba ta kuma san yadda ake bambanta ƙaron maje da na hano in an zuba mata su a tafin hannu ba.